Wasiƙa Daga Mancesta Zuwa Ga Taubashina Na Bakura

Mancesta, Ingila.

Zuwa ga bawana, ɗan Gwaggo,

Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Ka durƙusa har ƙasa ka gaishe ta, ka ce ɗan yayanta yana neman addu'a. Yaya aka ji da ruwa, yaya shinkafar fadama? Allah ya sa a kwashe lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga da ta raba mutane da gonakinsu.

Saƙonka na murya ya iso. Na zauna na saurare shi har shayina ya huce, kuma daga farkonsa har ƙarshensa magana biyu ce: ko na ga Ronaldo, da kuma in aiko maka riga mai lamba 7. To bari in sanar da kai, tunda labari ba ya isa Bakura da wuri. Ronaldo ya bar garin nan tun Nuwamban 2022, yana Riyad. Ya fi kusa da kai a kan ni. In Allah ya kira ka Umara sai ka ƙarasa ka gaishe shi da kanka.

Na lura a tunaninka Mancesta fili ne guda da raga biyu, sai 'yan ɗakuna a gefe inda 'yan wasa ke kwana. Shi ya sa na zauna na rubuta maka da hannu, in faɗa maka mutanen da garin nan ke tinƙaho da su, ko ka samu abin faɗa a gidan kallo ban da zagin alƙalin wasa.

Na je Old Trafford, don kada ka ce na ci amanarka. Ranar wasa hanyar filin sai ka ce kasuwar Mafara ranar Talata da hantsi, kafaɗa na gugar kafaɗa, mai tallar rake kawai babu. A bakin filin an kafa mutum-mutumin Matt Busby yana fuskantar wasu uku da suka dafa juna, George Best da Denis Law da Bobby Charlton. Busby ne ya sake gina ƙungiyar Man U bayan jirginsu ya faɗi a Munich ranar 6 ga Fabrairun 1958, inda mutum 23 suka rasu, 8 daga cikinsu 'yan wasa. Akwai agogo a jikin bango ɗauke da wannan rana. In ka zaga ɗaya gefen ka tarar da Alex Ferguson ya harɗe hannu a ƙirji, shi da ya riƙe ƙungiyar daga 1986 zuwa 2013 ya ci Firimiya sau 13. Abin da zai ba ka mamaki, duk biyar ɗin nan babu wanda aka yanke wa cibi a Mancesta. Busby da Law da Ferguson 'yan Sikotlan ne, Best ɗan Belfast, Charlton kuma daga wani garin masu haƙar kwal can arewa maso gabas. Cin arziki ya kawo su, gari ya riƙe su ya mai da su nasa.

Ɗan gari na haƙiƙa shi ne Marcus Rashford na unguwar Wythenshawe, wanda mahaifiyarsa ta raina da ƙyar da jiɓin goshi. A 2020, lokacin kullen korona, ya tsaya kai da fata har gwamnati ta janye shirinta na tsayar da tallafin abinci ga 'ya'yan talakawa a lokacin hutun makaranta, domin shi ma abincin makaranta ya ci ya girma. Ni da wannan na fi ganin girmansa. Sannan ka rage ɗaga murya, mutanen gari da yawa shuɗiyar riga suke sawa. Maƙwabcina, wani tsoho ɗan City, kullum muka haɗu a bakin ƙofa sai ya tuna mini cewa filinku ma ba a cikin birni yake ba, a ƙaramar hukumar Trafford yake. Kuma gaskiya ya faɗa.

Asalin arzikin garin nan auduga ce, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a nomawa a nan, ruwa da sanyi ba za su bari ba. Kawo ta ake yi a kaɗa, a saƙa, a rina, a sayar wa duniya. A unguwar Ancoats har yanzu tsofaffin masaƙu suna nan a bakin ruwa, dogayen gine-gine na jan bulo masu tagogi jere, yawancinsu an mai da su gidajen haya. Don audugar nan aka shimfiɗa titin jirgin ƙasa tsakaninsu da Libaful a 1830, kuma da suka ga kuɗin tashar Libaful ya ishe su, sai suka haƙa hanyar ruwa mai tsawon mil 36, aka buɗe ta a 1894, jiragen teku suka riƙa shigowa har gida. A 1902 attajiransu suka kafa ƙungiyar BCGA don neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulki, ita ce ta kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, jirgin ƙasa kuma ya iso Ƙaura Namoda a 1929. Ka ga ke nan audugar da kakanmu ya ɗora wa jaki ya kai fuloti ta riga ni zuwa ƙasar nan. Atamfar ABC 'yar Ingila da ke ƙasan adakar Gwaggo, a garin Hyde da ke gefen nan aka buga irinta kafin aikin ya koma Gana. Man Robb da take shafa wa gwiwa kuma na kamfanin PZ ne, hedikwatarsa na nan kusa da filin jirgi. Ka faɗa mata ta daɗe tana hulɗa da Mancesta tun kafin ka san mene ne bugun kusurwa.

Sai dai mafi yawan audugar farko daga Amurka take zuwa, kuma bayi baƙar fata ne suka noma ta. Wannan ya kawo ni ga wani mutum-mutumi da na tarar a tsakiyar gari, na Abraham Lincoln, shugaban Amurka wanda bai taɓa taka garin ba. Lokacin yaƙin basasarsu auduga ta yanke, masaƙu suka rufe, yunwa ta shiga gidajen leburori. Duk da haka a daren ƙarshe na 1862 leburorin suka taru suka rubuta masa takarda cewa suna bayansa a kan 'yanta bayi, shi kuma ya amsa musu a Janairun 1863. Mutum yana jin yunwa ya goyi bayan abin da ya ƙara masa yunwar don wani ya samu 'yanci, wannan hali ne na 'ya'yan halak ko a ina aka same shi. Na san labarin zai yi maka daɗi, kai da kake bawa. Amma kada ka sa rai, ni ban 'yanta ka ba.

Akwai wani malami da na so a ce ka san shi, John Dalton, wanda ya rasu a 1844. Shi ya kawo bayanin cewa kowane sinadari yana da ƙwayar zarra tasa da nauyinta, kuma a kan wannan aka gina kimiyyar haɗa magunguna ta yau. Da ya rasu mutum wajen 40,000 suka bi layi suka wuce ta gaban akwatin gawarsa. Amma abin da ya sa na tuna da kai shi ne bai iya bambanta ja da kore ba. Ya ma yi rubutu a kan wannan lalura, har ya bar wasiyya a cire idanunsa a bincika. Aka cire, aka adana, suna nan a hannun gidan tarihin kimiyya na garin, kuma a 1995 aka gwada su aka gano ainihin abin da ya gada. Ka tuna atamfar da ka sayo wa amaryarka ja wur, ka dafa Alƙur'ani za ka rantse koriya ce, sai da Gwaggo ta riƙe hannunka? In ka yarda ka bar wasiyya, akwai wuri kusa da na Dalton.

A jami'ar garin Ernest Rutherford, baƙo daga Niyu Zilan, ya fara fasa ƙwayar zarra a 1917. A nan kuma ranar 21 ga Yunin 1948 Tom Kilburn da Freddie Williams suka tayar da kwamfuta ta farko mai riƙe umarni a cikin kanta. Na ga kwafinta a gidan tarihi: jerin rakoki na ƙarfe sun fi ni tsawo, cike da ƙwayaye na gilashi da wayoyi sun sarƙe, nauyinta ya kusa tan guda, kuma lissafinta na farko sai da ya ci minti 52. Ita ce kakar wayar da kake damuna da ita da tsakar dare. A wannan shekarar Alan Turing ya zo ya haɗu da su, mutumin da ya taimaka aka kwance asirin saƙonnin sojan Jamus a yaƙin duniya na biyu. An zaunar da mutum-mutuminsa a kan benci a wani ɗan lambu, da tuffa a hannu, mutane na zama gefensa suna ɗaukar hoto. Hotonsa ne a jikin takardar fam 50 tun 2021. Ka ce in aiko maka ita, to ga sunan mutumin, ka fara haddace shi tukuna.

A otal ɗin Midland Charles Rolls da Henry Royce suka fara haɗuwa a 1904, aka haifi motar da ka sani. Ina wucewa ta ƙofar nakan tuna babur ɗinka da ba ya tashi sai an tara yaran unguwa.

Ka gaya wa Baba, tsohon ɗan PRP, na shiga ɗakin karatu na Chetham, wanda aka kafa tun 1653, na ga teburin da Karl Marx da Friedrich Engels suka zauna karatu a 1845, a wani lungu jikin taga. Engels ɗan mai masaƙa ne, ya shiga lungunan leburori ya ga yadda suke kwana a cunkushe cikin ƙazanta, ya rubuta littafi a kai. Ita kuma maiɗakinka ka ba ta labarin Emmeline Pankhurst, 'yar unguwar Moss Side, wadda ta kafa ƙungiyar mata a falon gidanta a 1903, aka yi ta ɗaure ta, har mata suka fara jefa ƙuri'a a 1918. An kafa mutum-mutuminta a dandalin gari a 2018, tsaye a kan kujerar kicin ta miƙa hannu tana jawabi. Ina ganinta Hajiya Gambo Sawaba ta faɗo mini a rai, da irin dukan da ta sha da gidajen yarin da ta shiga kafin matan Arewa su yi zaɓen ƙasa a 1979. Ka faɗa mata a hankali, kuma ka ɗauke kujerun gidan tukuna.

Wurin da ya fi taɓa ni wani tsohon zauren taro ne a Chorlton-on-Medlock. A jikin bangonsa akwai ɗan faranti da aka rubuta cewa a nan aka yi taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a Oktoban 1945. Kwame Nkrumah yana ciki, da Jomo Kenyatta, da Hastings Banda, ukun nan duk sun shugabanci ƙasashensu daga baya. Obafemi Awolowo ma ya halarta. Ɗan faranti ne da bai fi faifai ba, amma shi ya tsayar da ni a hanya har na karanta.

To a nan maganar take, ɗan Gwaggo. Garin nan ba ya yarda sunan mutuminsa ya faɗi ƙasa. Gidan da wani ya kwana, makarantar da ya koyar, wurin da ya tsaya ya yi magana, sai ka ga an manna faranti da suna da shekara. Hatta L. S. Lowry, mai karɓar kuɗin haya wanda yake zana leburori sirara suna tururuwar fita daga masaƙa in ya taso aiki, an gina katafaren gida da sunansa a Salford. Wata rana a wurin aiki wata abokiyar aikina ta tambaye ni su wane ne shahararrun garinmu. Na ce ta gyara zama.

Na fara da gwamnoni, tunda su duniya ta fi ji. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, cikin gwamnoni 5 da suka hau kujerar Zamfara, 3 daga garuruwan nan namu suke. Ku Bakura kun ba da Ahmad Sani Yarima, 1999 zuwa 2007, wanda ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999. Mu Mafara Abdul'aziz Yari, 2011 zuwa 2019. Mutanen Kaka na Maradun Bello Matawalle, 2019 zuwa 2023. An yi raba daidai, ba mai yi wa wani gori. Na ƙara mata da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna Mafara yana Sarkin Kudu tun kafin ya hau gadon Sakkwato a 1996, Allah ya jiƙansa, ya rasu a haɗarin jirgi a Abuja a Oktoban 2006.

Ita sai ta ce ba masu mulki take nufi ba, ina mawaƙa? Su a nan da 'yan Oasis suke alfahari, wa da ƙane, Noel da Liam Gallagher, waɗanda suka yi faɗa suka watse a 2009, sai 2025 suka sake hawa dandali tare, gari ya ɗauka. Na ce ai mu ma muna da wa da ƙane masu kiɗa, Kurna da Musa Ɗankwairo. Na kunna mata Ɗankwairo a waya. Ba ta jin ko sannu da Hausa, amma da kotso ya ɗauka, 'yan amshi suka karɓe wa jagora magana tun kafin ya dire, suka miƙa masa ya sake ɗauka, sai ta ajiye cokali ta tambaye ni mutum nawa ne ke waƙar, kuma wa ya tsara musu ita a rubuce. Na ce babu takarda, a ka take.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. Eh, a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi. Amma duniya Ɗankwairo Maradun ta sani, kun haifa kun saki, wasu sun riƙe. Mutumin da ya yi wa Sardauna waƙa, ya yi wa Sarkin Daura Bashar, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya rasu a 1991 amma har yau ba a naɗin sarauta a ƙasar Hausa ba a ji muryarsa ba. Ga Sa'idu Faru malamin waƙa, daga Faru ta ƙasar Maradun, makaɗin Sarkin Kudu. Ga Ibrahim Gurso namu na Mafara, da Abdu Inka naku na Bakura. Ga Amali Sububu makaɗin manoma. Wannan na ƙarshe yana sosa mini rai, domin yaron da aka haifa yau in ya ji an ce Sububu daji da bindiga yake tunawa, bai san sunan ya taɓa sa ƙarti sun yini a duƙe suna gasar noma ba. Kai da kake kawo 'yan wasan Man U har da na benci, kawo mini sunan 'yan amshin Ɗankwairo biyu. Ba don irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi makaɗan nan sun rubuta tarihinsu ba, da da yawa sun bi iska.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Ranar 16 ga Agustan 1819 talakawa wajen 60,000 suka taru a wani fili a nan Mancesta suna neman a ba su wakilci a majalisa. Aka sakar musu dawaki da takubba, mutum wajen 18 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Suna kiran abin Peterloo. Da aka cika shekara 200, a 2019, suka gina matakala ta dutse a zagaye kusa da wurin, suka sassaƙa sunayen waɗanda suka mutu da garuruwan da jama'a suka fito. Na tsuguna na karanta, akwai mata, akwai yaro ɗan shekara 2. Ina karantawa Bakolori ce a zuciyata. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama dam ɗin a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidaje, manoma suka tsaya a kan a biya su diyya, a ƙarshen Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Wani malami ɗan Suwidin da ya koyar a Zariya, Bjorn Beckman, ya rubuta labarin da Turanci. Mu da muke cin shinkafar ruwan nan, a ina muka rubuta sunayensu? Iyayen wasu ne, kuma 'ya'yansu suna nan da rai a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye.

Ban ce a sassaƙa gunki ba, addininmu ya hana, kuma ba ma buƙata. Allo na ƙarfe a jikin bango ya isa, da suna da shekara da abin da mutum ya yi. Ɗaki guda a fadar Sarkin Mafara, ko ta Sarkin Burmin Bakura, ko ta Sarkin Kayan Maradun, a tara tsofaffin kasakasai a juye su kafin zafi ya narkar da su. Ga ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau da na jami'ar jiha a Mafara suna neman abin rubutawa a kundin kammala karatu, a tura su wurin tsofaffi. Gari mai gwamna uku a tsakanin maƙwabta ba zai ce kuɗin allo ya gagare shi ba.

Kai kuma ga naka aikin, kuma umarni ne daga ubangidanka. Ranar Talata in ka shigo kasuwa ka biya gida wurin Kaka. Ka zaunar da ita, ka kunna wayar nan taka da ba ta da aiki sai maimaita ƙwallayen 2008, ka sa ta ba ka labarin ranar da ta fara ganin Ɗankwairo a Maradun tana budurwa, da abin da ta ji ta gani shekarar rikicin dam, da sunayen waɗanda ta sani. Kada ka katse ta, ko ta karkata zuwa labarin kishiyarta. Ka tafi da rana ka koma da rana, kada magariba ta yi maka a hanya.

Ka ce mata mijinta na Ingila yana gaishe ta, kuma ta daina sauraren zancenka, mai babur ɗin turi ba ya ƙwace mata a hannun mai hawa jirgi. Na saya mata rigar sanyi da man zafi. Ka gaida Baba da Inna, da Kawu, da liman, da duk 'yan majalisar bakin tasha. In an samu mai zuwa a sako mini hoce da daddawa da kuka, a ɗaure da kyau.

Kuɗin shararka na watan Cika-ciki suna nan na ware, rigar ma na saya, ja ce, in ka ga kore idonka ne. Amma ba za su taso ba sai muryar Kaka ta iso wayata. Ka hanzarta, shekarunta sun ja.

Wassalam.

Ubangidanka,
ɗan Kawu, na Mafara.